Yadda Ake Sarrafa Aikatau Mai Bin Ƙa'ida a Lokaci Mai Zuwa na Sifaniyanci

Cikin tambayoyin da masu koyon Sifaniyanci suke yawan turo mini, babu wadda ta kai wannan maimaituwa: yaya ake cewa "zan yi magana", "za ka ci", "za su rubuta"? Galibin masu tambayar sun riga sun sha fama da lokaci mai ci, inda aka koya musu su yanke wutsiyar aikatau su liƙa wata, kuma kowane rukuni na aikatau da irin tasa wutsiyar, don haka sukan zo da fargabar cewa lokaci mai zuwa zai fi tsauri. Gaskiyar magana ita ce ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, muddin mutum ya yarda ya ajiye wuƙar yankan da ya saba da ita. A nan ba a yanke komai. Ana barin aikatau cikakke yadda yake a ƙamus, a ƙara masa ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, ɗaya daga cikin guda shida, sannan a kula da 'yar alamar da ke zama a kan wasali.

Mu a Hausa, lokaci da mai aikatawa suna zuwa ne gaba da aikatau: zan saya, za ka saya, za su saya, shi kuwa "saya" yana nan bai motsa ba. Sifaniyanci yana ɗauke wannan bayani duka ya mayar da shi ƙarshen kalma: compraré, comprarás, comprarán. Idonka da kunnenka sun saba neman lokaci a farko, yanzu za su koyi nemansa a ƙeya.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana bukatar littafin rubutu da biro biyu masu launi daban, ɗaya na rubuta aikatau, ɗaya na rubuta ɗafa-ƙeya, domin ido ya riƙa ganin inda aka haɗa su. Kana kuma bukatar ƙamus da za ka amince da shi. Wanda nake ba da shawara shi ne na hukumar kula da harshen da ke Madrid, wato Real Academia Española, wanda ake samu kyauta a intanet a adireshin dle.rae.es; idan ka nemo aikatau a ciki, shafin yana nuna maka cikakken jadawalin sarrafa shi, kuma layin da ya shafe mu shi ne wanda aka rubuta futuro simple a kansa. Bayan kuɗin littafi da biro da ɗan data, ba na ganin akwai abin da ya kamata ka kashe a kan wannan darasi. Manhajojin koyon harshe da ake biya duk wata suna da nasu amfanin, amma ba su da wani sirri game da lokaci mai zuwa da ya wuce abin da ke tafe a ƙasa.

Mataki na 1: Nemo siffar ƙamus ta aikatau

Kowane aikatau na Sifaniyanci yana da siffar da ba a sarrafa ba, wadda suke kira infinitivo, kuma tana ƙarewa da ɗaya daga cikin uku: -ar kamar hablar, yin magana, -er kamar comer, cin abinci, ko -ir kamar escribir, rubutawa. Wannan siffa ita ce tubalinka, kuma da ita kaɗai ake gina lokaci mai zuwa. Rubuta ta cikakkiya a littafinka kafin ka yi wani abu.

Gargaɗi: kalmar da ka tsinta a cikin karatu ko a bakin wani sau da yawa an riga an sarrafa ta, kuma wasu aikatau suna sauya wasalin cikinsu a lokaci mai ci. Wanda ya saba da pienso, "ina tunani", ko duermo, "ina barci", yakan ɗauka daga nan zai gina, sai ya rubuta piensaré ko duermiré, waɗanda duk babu su a harshen. Siffofin ƙamus su ne pensar da dormir, saboda haka daidai shi ne pensaré da dormiré. Haka pido yake komawa pedir ya ba da pediré, vuelvo ya koma volver ya ba da volveré. Duk wani sauyin wasali da ya wahalar da kai a lokaci mai ci, ba ya biyo ka nan.

Mataki na 2: Tabbatar aikatau ɗin mai bin ƙa'ida ne

Kafin ka ƙara komai, duba ko aikatau ɗinka yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suke sauya jikinsu a wannan lokaci. Waɗanda ake yawan haɗuwa da su goma sha biyu ne: decir, faɗa, hacer, yi, poder, iya, poner, sa, querer, so, saber, sani, salir, fita, tener, mallaka, venir, zo, valer, kai wata daraja, caber, samun wurin shiga, da haber, wanda ake amfani da shi wajen cewa "akwai". Haka ma 'ya'yansu, wato aikatau da aka gina a kansu da ɗafa-goshi, kamar mantener da obtener daga tener, ko suponer da proponer daga poner. Idan naka yana cikin waɗannan, matakan da ke gaba ba za su ba ka amsa daidai ba sai ka san sabon tushensa. Rubuta sunayen goma sha biyun a bangon littafinka na ciki, ka riƙa leƙawa.

Gargaɗi: kada ka ɗauka cewa duk aikatau da ya yi maka taurin kai a wasu lokuta zai yi a nan. Ser da estar, waɗanda suke nufin kasancewa, da ir, tafiya, da dar, bayarwa, da ver, gani, duk sanannu ne wajen karya ƙa'ida a lokaci mai ci da shuɗaɗɗen lokaci, amma a lokaci mai zuwa suna bin layi kamar kowa: seré, estaré, iré, daré, veré. Na sha ganin ɗalibi ya tsaya yana ƙoƙarin tuno wata baƙuwar siffa ta ir, alhali abin da ake bukata kawai shi ne ir da é.

Mataki na 3: Tantance wanda zai aikata

Wannan mataki ne na fi so ka ba lokaci, domin a nan ne Hausar da ke kanka za ta iya taimakonka, a nan ne kuma za ta iya ɓatar da kai. Sifaniyanci yana da gurabe shida. Na farko yo, ni. Na biyu tú, kai ko ke. Na uku él, shi, da ella, ita, da usted, kai ko ke na girmamawa. Na huɗu nosotros ko nosotras, mu. Na biyar vosotros ko vosotras, ku. Na shida ellos ko ellas, su, da ustedes, jam'in usted.

Abu na farko mai sauƙi: ba a bambanta "za ka" da "za ki". Tú ɗaya ne ga namiji da mace, ɗafa-ƙeyarsa ma ɗaya ce. Haka "zai" da "za ta" suna ɗaukar ɗafa-ƙeya iri ɗaya, ko da yake wakilan sunansu sun bambanta. Jinsi ba ya taɓa siffar aikatau a wannan lokaci ko kaɗan.

Abu na biyu shi ne girmamawa. Bahaushe idan yana magana da dattijo ko malaminsa yakan ce "za ku zo gobe?" ko da mutum ɗaya ne a gabansa, wato jam'i shi ne ladabinmu. Mai Sifaniyanci ba haka yake yi ba. Shi yana amfani da usted, kuma usted yana ɗaukar ɗafa-ƙeyar "shi" ko "ita", kamar dai yadda ake ce wa babban mutum "Malam zai zo gobe?" alhali da shi ake magana fuska da fuska. Idan ka riƙe wannan misali na "Malam zai zo", ba za ka sake ruɗewa ba. Idan masu girman suna da yawa, sai ka ce ustedes, ka ba shi ɗafa-ƙeyar "su".

Gargaɗi: kada ka yi wa mutum ɗaya vosotros da nufin girmama shi. Vosotros na abokai ne da tsararraki da yara idan suna da yawa, kuma a ƙasar Sifaniya aka fi jin sa. A Meziko da Kolambiya da Ajantina da sauran ƙasashen Latin Amurka ba a amfani da shi a maganar yau da kullum, ustedes ne ke ɗaukar kowane irin "ku". Duk da haka ina ba da shawarar ka koyi gurbin, domin za ka gamu da shi a littattafai da jarrabawa. A Ajantina da Yurugwai kuma za ka ji vos a maimakon tú, amma a daidaitaccen harshe siffarsa ta lokaci mai zuwa iri ɗaya ce da ta tú, saboda haka babu sabon abin haddacewa.

Idan mai aikatawa suna ne, ka tambayi kanka wane wakilin suna ne zai maye gurbinsa. Mi padre, mahaifina, shi ne él. Mis hermanas, 'yan'uwana mata, su ne ellas. "Ni da Musa", wato Musa y yo, mu ne, gurbi na huɗu. Akwai tarko guda a nan: kalmar la gente tana nufin mutane, kuma mu muna cewa "mutane za su yi magana", amma a Sifaniyanci tilo ce, don haka ana cewa la gente hablará, ba hablarán ba.

Mataki na 4: Ƙara ɗafa-ƙeya

Ga su nan shida, bisa jerin guraben da muka ambata: -é, -ás, -á, -emos, -éis, -án. Su ne dai ga -ar da -er da -ir, babu bambanci. Ɗauki hablar cikakke ka liƙa su:

yo hablaré, zan yi magana
tú hablarás, za ka ko za ki yi magana
él, ella, usted hablará, zai ko za ta yi magana
nosotros hablaremos, za mu yi magana
vosotros hablaréis, za ku yi magana
ellos, ellas, ustedes hablarán, za su yi magana

Comer zai ba ka comeré, comerás, comerá, comeremos, comeréis, comerán. Escribir zai ba ka escribiré, escribirás, escribirá, escribiremos, escribiréis, escribirán. Rubuta jikin aikatau da biro ɗaya, ɗafa-ƙeya da ɗaya biron, za ka ga da idonka cewa ɓangaren hagu bai sauya ko harafi ɗaya ba tun daga sama har ƙasa.

Wanda ya riga ya san haber a lokaci mai ci yana da gajeriyar hanyar haddacewa, domin siffofinsa su ne he, has, ha, hemos, habéis, han. Cire h ɗin farko, wanda dama ba a furta shi, ka kuma cire hab daga habéis, abin da ya rage shi ne ɗafa-ƙeyoyin nan shida. Masu karatu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi makaranta da Faransanci za su ga kamanni da parlerai, parleras, parlera, kuma kamannin gaskiya ne, sai dai su lura cewa Sifaniyanci ba shi da rukunin da ake cire masa wasalin ƙarshe kamar yadda ake yi wa prendre kafin a ce prendrai.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: idan hannunka ya koma tsohuwar al'ada ya yanke -ar, ba kuskuren rubutu kawai ka yi ba, ka juya lokacin gaba ɗaya. Hablaré yana nufin "zan yi magana", hablé kuwa "na yi magana". Compraré "zan saya", compré "na saya". Ka yi tunanin ɗan kasuwa da ya rubuta wa abokin cinikinsa pagué yana nufin pagaré: ya ce ya riga ya biya, alhali nufinsa zai biya. Kalmar pagaré ɗin nan ma, saboda nauyinta, ita ce sunan da suke kiran takardar alkawarin biyan bashi.

Hatsarin ya fi yawa a aikatau da suke da r kusa da ƙarshensu, domin harshe da hannu duk suna ƙyamar maimaita gaɓa. Preparar, shiryawa, yana ba da prepararé, da ra da ré a jere. Wanda ya gajarta ya ce preparé ya koma jiya. Haka esperar, jira, yana ba da esperaré. Mirar, kallo, miraré. Parar, tsayawa, pararé. Entrar, shiga, entraré. Maganin wannan shi ne ka ƙirga gaɓoɓi da yatsa: siffar yo ta irin waɗannan aikatau tana da gaɓa ɗaya fiye da siffar ƙamus. Pre-pa-rar uku ne, saboda haka dole ka samu huɗu, pre-pa-ra-ré.

Wani sauƙi kuma: sauye-sauyen harafi da aka koya maka a shuɗaɗɗen lokaci, irin su busqué daga buscar ko empecé daga empezar, ba su da gurbi a nan, tunda ba a taɓa jikin kalmar ba. Ana rubuta buscaré, llegaré, empezaré kai tsaye.

Mataki na 5: Ɗora alamar kan wasali

Biyar daga cikin ɗafa-ƙeyoyin shida suna ɗauke da 'yar karkatacciyar alama a kan wasali, wadda suke kira tilde. Guda ɗaya ce kawai ba ta da ita, wato -emos. Dalilin yana cikin ƙa'idar rubutunsu: kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, idan nauyin murya ya faɗa kan gaɓarta ta ƙarshe, dole a sa alama. A hablaremos nauyin yana kan gaɓa ta biyun ƙarshe, wanda shi ne wurinsa na asali ga irin wannan kalma, don haka ba a bukatar nuna shi.

Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga wanda ya san bambancin "ƙasa" da "kasa" ko "ɗaki" da "daki" ba. Lanƙwasa ɗaya tana raba ma'ana biyu, kuma haka tilde take. Hablará shi ne "zai yi magana", amma hablara babu alama wata siffa ce daban da ake amfani da ita wajen buri ko sharaɗin da bai tabbata ba, kamar a ce "da zai yi magana". Haka hablarás da hablaras, hablarán da hablaran. Saboda duka biyun kalmomi ne na gaskiya, manhajar gyaran rubutu ta waya ko kwamfuta sau da yawa ba za ta ja maka jan layi ba, kai ne za ka kula.

Haruffa biyu kawai kake bukata, á da é. A waya, danna a ko e ka riƙe na ɗan lokaci, zaɓuɓɓuka za su fito, ka ɗauki wadda alamarta ta karkata sama ta hannun dama. A kwamfuta mai Windows, riƙe maɓallin Alt ka buga 0225 a ɓangaren lambobi na gefen dama don samun á, ko 0233 don samun é. A cikin Microsoft Word kana iya danna Ctrl tare da alamar ' sannan ka buga wasalin. A kwamfutar Mac kuwa, Option da e, sannan wasalin da kake so.

Gargaɗi: masu Faransanci su kula kada su ɗauko à ko è, domin Sifaniyanci ba ya amfani da alamar da ta karkata hagu. Kada kuma a ɗora alama a kan -emos don ganin sauran suna da ita. Hablarémos kuskure ne da ake yawan gani. Akwai kuma 'yan aikatau da suke da alama tun a siffar ƙamus, kamar oír, ji, da reír, dariya. Su suna zubar da ita idan nauyin murya ya koma ƙarshe, sai a rubuta oiré da reiré.

Mataki na 6: Furta da ƙarfi

Kada ka tsallake wannan don kana ganin rubutu kake koyo. Ɗora nauyin murya a kan ɗafa-ƙeya: ha-bla-RÉ, co-me-RÁS, es-cri-bi-RÁN, amma ha-bla-RE-mos. Harafin r na nan bugu ɗaya ne na kan harshe a bayan haƙoran sama, ya fi kusa da r ɗin "barka" fiye da na "ruwa". H ba a furta shi, don haka hablaré yana fita kamar "ablare". V da b sauti ɗaya ne a wurinsu, viviré yana fita kusa da "bibire". J kuma, kamar a trabajaré, "zan yi aiki", ko viajaré, "zan yi tafiya", daga maƙogwaro yake fitowa. Wanda ya yi karatun allo ya san shi, domin yana kusa da harafin kha na Larabci.

Mataki na 7: Saka shi cikin jumla

Tunda ɗafa-ƙeya ta riga ta faɗi wanda zai aikata, yawanci ba a ambaton wakilin suna. Viajaré mañana ya wadatar a ce "zan yi tafiya gobe". Ana kawo yo ko tú ne idan ana son jaddadawa ko bambantawa, kamar yadda muke cewa "ni zan biya, kai za ka ɗauka": yo pagaré, tú llevarás. A gurbi na uku da na shida, inda siffa ɗaya take hidimar mutane daban-daban, a kawo él ko ella ko usted idan akwai yiwuwar ruɗani.

Korewa kalma ɗaya ce a gaban aikatau, ba biyu ba kamar "ba ... ba" ɗinmu: no viajaré, ba zan yi tafiya ba. Tambaya ba ta sauya siffar aikatau, sai dai a buɗe ta da juyayyiyar alamar tambaya a rufe da ta kullum: ¿Viajarás mañana? Ƙananan wakilan suna na karɓau suna zuwa gaba da aikatau, saɓanin Hausa da ke sa su a baya. Mu muna cewa "zan kira ka", su suna cewa te llamaré. "Zan saye shi" kuma lo compraré. Idan da korewa, no lo compraré. Abin da muke faɗa da "za a" suna faɗarsa da se da gurbi na uku, misali se venderá la casa, za a sayar da gidan.

Gargaɗi: idan siffar ƙamus ta ƙare da -se, kamar levantarse, tashi daga barci, ko casarse, yin aure, wannan se ɗin ba ya cikin tubalin. Cire shi, ka mayar da shi gaba a siffar da ta dace da mai aikatawa, wato me, te, se, nos, os, se, sannan ka sarrafa abin da ya rage: me levantaré, te levantarás, se levantará, nos levantaremos. Levantarseré ba kalma ba ce.

Kalmomin lokaci da za ka fi bukata su ne mañana, gobe; pasado mañana, jibi; la semana que viene, mako mai zuwa; el año que viene, baɗi; dentro de tres días, nan da kwana uku. Ka lura cewa mañana ita kaɗai gobe ce, amma la mañana safiya ce, shi ya sa "gobe da safe" yake zama mañana por la mañana.

Mataki na 8: San inda ba a amfani da shi

Bayan ɗalibi ya ƙware a siffofin nan yakan so ya zuba su ko'ina, kuma akwai wurare biyu da harshen bai yarda ba. Na farko bayan si na sharaɗi, wato "idan". Ana sa lokaci mai ci a ɓangaren sharaɗin, lokaci mai zuwa a ɓangaren sakamako: si llueve, no viajaremos, idan aka yi ruwa ba za mu yi tafiya ba. Na biyu bayan cuando idan yana nufin "sa'ad da" wani abu zai faru nan gaba. A nan wata siffa ake amfani da ita mai suna subjuntivo, sai a ce cuando llegue, te llamaré, idan na iso zan kira ka. Mai Faransanci ne ya fi faɗawa wannan rami, domin a can ana cewa quand j'arriverai. Bahaushe kuwa harshensa na gida yana tare da shi, tunda mu ma ba ma cewa "idan zan iso zan kira ka". Amma a tambaya kai tsaye babu laifi: ¿Cuándo llegarás?, yaushe za ka iso?

Ka kuma sani cewa a hirar yau da kullum, musamman a Latin Amurka, mutane sun fi cewa voy a comer fiye da comeré idan abin yana kusa ko an riga an ƙudurta shi. Wannan gini ne na ir a lokaci mai ci, da a, da siffar ƙamus. Siffar da muka koya ta fi fitowa a rubutu, da labarai, da hasashen yanayi, da alkawari, da abin da ke nesa. Tana kuma da wani aiki da ke ba baƙi mamaki, wato kintace a kan abin da ke faruwa yanzu. Idan aka tambayi wani lokaci ya ce serán las tres, ba yana nufin ƙarfe uku zai yi nan gaba ba, yana nufin "zai kai ƙarfe uku", daidai yadda muke cewa "zai kai shekara arba'in" game da mutumin da ke tsaye a gabanmu. Estará en el mercado kuma na iya zama "ƙila yana kasuwa".

Mataki na 9: Atisaye da duba aikinka

Shawarata ita ce minti ashirin a rana har mako guda. Kwana biyu na farko, ɗauki aikatau uku kullum, ɗaya daga kowane rukuni, ka rubuta gurabe shida kana furtawa: trabajar, aprender, abrir, sannan estudiar, vender, recibir. Kwana na uku ka ware shi ga masu r irin su preparar da esperar da comprar. Daga kwana na huɗu ka daina jadawali, ka koma rubuta shirinka na gobe a jumloli biyar, domin wanda ya haddace jeri kawai yakan tsaya ya faro daga yo duk sa'ad da yake neman ellos. Ga irin abin da nake nufi: Mañana me levantaré temprano, compraré pan y llamaré a mi madre. Mis hermanos llegarán por la tarde y comeremos juntos. Ma'ana, gobe zan tashi da wuri, zan sayi burodi, zan kuma kira mahaifiyata. 'Yan'uwana za su iso da yamma, mu ci abinci tare.

Idan ka gama rubutu, bi kowane aikatau da jan biro ka yi masa tambayoyi huɗu. Shin siffar ƙamus tana nan cikakkiya a cikinsa, har da r ɗinta na ƙarshe? Shin ɗafa-ƙeyar ta dace da mai aikatawa, musamman idan usted ne ko la gente? Shin alamar tana kan wasalin da ya dace, kuma ba ta hau -emos ba? Shin babu si na sharaɗi ko cuando a gabansa? Duk wanda ka yi shakka a kansa, buɗe jadawalin ƙamus ka gwada, amma sai bayan ka rubuta amsarka, ba kafin ba.

Ranar da ka ga ka rubuta jumloli biyar ɗin nan kwana biyu a jere babu gyara, sai ka juya bangon littafinka ka fara da goma sha biyun da muka ajiye a mataki na biyu. Ɗafa-ƙeyoyinsu su ne waɗannan shida da ka riga ka sani, tushen kawai za ka koya: tener yana zama tendr-, ya ba da tendré, hacer yana zama har-, ya ba da haré, decir kuma dir-, ya ba da diré.